Musulma da Mijin da Ba Musulmi Ba: Hukuncin Auren Daban, Hukuncin Imaninta Daban

Shugaban Najeriya Bola Tinubu Musulmi ne, uwargidansa Oluremi kuma Kirista ce, har tana da muƙamin fasto a cocin Redeemed. Tun 1987 suke tare. Lokacin zaɓen 2023 an yi ta ka-ce-na-ce a kan takarar Musulmi da Musulmi, amma ingancin aurensu bai zama abin gardama a wurin malamai ba, domin kowane ɗalibin fiƙihu ya san namiji Musulmi yana da damar auren mace Kirista ko Bayahudiya. Da za a juya lamarin, a ce matar ce Musulma, mijin Kirista, da ba a sami limamin da zai ɗaura ba, daga Sakkwato har Damagaram. Wannan bambancin shi ne 'yan mata masu karatu suke tambaya a kansa yau, a jami'o'i da wuraren aiki da ƙasashen waje, kuma sau da yawa amsar da suke samu tsawa ce kawai. Tsawa ba ta warkar da shakka. Tambayar tana da amsa a cikin littattafai, amsar kuma ta fi abin da ake faɗa a majalisa faɗi da tausayi.

Ayoyi uku ne ginshiƙin mas'alar. Ta 221 a Suratul Baƙara ta hana auren mushrikai ta ɓangarorin biyu: kada maza su auri mata mushrikai, kada kuma a aurar da mata ga maza mushrikai har sai sun yi imani. Ta 5 a Suratul Ma'ida ta buɗe ƙofa ɗaya, ta halatta wa maza auren kamammun mata daga Ahlul Kitabi. Ta 10 a Suratul Mumtahana ta sauka ne bayan sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da mata irin su Ummu Kulsum 'yar Uƙba ɗan Abi Mu'aiɗ suka gudo Madina, danginsu suka biyo sawu suna neman a mayar da su bisa sharaɗin sulhu. Ayar ta ce kada a mayar da su ga kafirai, su ba halal ba ne gare su, su ma mazan ba halal ba ne gare su. A kan waɗannan ne mazhabobi huɗu na Sunna da malaman Shi'a suka haɗu cewa Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, ko da ma'abocin littafi ne. Ɗabari ya kawo a tafsirinsa cewa Sayyadina Umar ya ce Musulmi yana auren Banasariya, amma Banasare ba ya auren Musulma.

Akwai 'yan tsiraru a wannan zamani da suka saɓa. Wanda ya fi shahara a nahiyarmu shi ne Hassan al-Turabi na Sudan, wanda a 2006 ya fito fili ya ce babu nassin da ya hana Musulma auren Kirista ko Bayahude, malamai da dama suka yi masa ca. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta da wuyar fahimta. Suna cewa Alƙur'ani yana rarrabe mushrikai da Ahlul Kitabi, kamar a farkon Suratul Bayyina inda ya ambace su daban-daban, don haka ayar Baƙara ba ta shafi Kirista ba. Ayar Mumtahana kuma a kan mushrikan Makka ta sauka, a yanayi na yaƙi. Ayar Ma'ida kuwa shiru ta yi game da mata, shiru kuma ba hani ba ne.

Na karanta wannan hujja da zuciya ɗaya, kuma ba ta gamsar da ni ba. Ayar Ma'ida ba shiru ta yi ba. A cikinta, da aka zo kan abinci, sai aka faɗi ɓangare biyu: abincinsu halal ne gare ku, abincinku halal ne gare su. Da aka zo kan aure a cikin ayar nan guda, sai aka faɗi ɓangare ɗaya aka tsaya. Mai maganar da ya cika jimla a wuri ɗaya ya rage ta a wuri na gaba, da nufi ya yi. Sannan babu wani rahoto tabbatacce da ke nuna sahabbai sun aurar da 'yarsu ga Bayahude ko Banasare, alhali sun zauna da su a Madina da Sham da Masar shekara da shekaru. Don haka ni ina tare da jamhuru, wato mafi rinjayen malamai, kuma ba don tsoron baki ba.

Dalilin da malamai suke bayarwa ya dogara ne ga yadda suka ɗauki gida. A fiƙihu miji ne shugaban gida, shi ke ciyarwa, a wurinsa ake zama, sunansa 'ya'ya ke ɗauka. Miji Musulmi addininsa ya wajabta masa yarda da Annabi Musa da Annabi Isa, kuma malaman Malikiyya sun ce ba shi da ikon hana matarsa Banasariya zuwa coci ko cin abin da addininta ya halatta mata. Mijin da ba Musulmi ba kuwa, babu abin da ya ɗaure shi ga girmama Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai kirkinsa na kansa. Masu suka suna cewa wannan hoton gida ne na da, yau mata suna da albashi da murya. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya san ƙasar nan ya san har gobe ɗa na uba ne a Kano da Kafanchan da Inugu, dangin miji ne ke yanke sunan da za a raɗa wa jariri da inda za a binne mamaci. Matar da ke tashi sahur ita kaɗai, ta kunna risho a hankali don kada ta tashi mutanen gida, ta yi asuba a lungun ɗaki, ranar Lahadi kuma surukarta ta zo ta kwashi yara zuwa coci, ba sai an karanta mata littafi ba kafin ta gane abin da malaman suke tsoro.

Kuma ba Musulunci kaɗai ke da irin wannan shinge ba. A dokar cocin Katolika ta 1983, bambancin addini cikas ne da ke ɓata aure sai an sami izini na musamman daga bishop, kuma sai ɓangaren Katolika ya yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma a rene su a cikin cocin. A 2004 fadar Vatican ta fitar da wata takarda kan 'yan ci-rani wadda a ciki ta ja kunnen mata Katolika game da auren Musulmi. Fastoci da yawa a Najeriya suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa don hana mabiyansu auren wanda ba Kirista ba. Kowane addini yana kallon wuri ɗaya ne: 'ya'ya.

Har nan babu sabon abu. Inda nake ganin muna tafka kuskure shi ne yadda muke zuba mata iri-iri a cikin hukunci guda, alhali fiƙihu ya raba su.

Ta farko ita ce matar da ta musulunta tana cikin aure, mijinta bai bi ta ba. Irin wannan tana da yawa a wurarenmu fiye da yadda ake zato: a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, a Zuru, a kudancin Bauci da Gombe, a Adamawa, a zangunan Gana. Ba ta saɓa wa kowa ba, gaskiya ta gani ta bi. Amma sau da yawa abin da ake fara gaya mata ranar da ta yi kalmar shahada shi ne ta tattara kayanta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kusan kowace makarantar zaure take karantarwa, bai ce haka kai tsaye ba: ya ce idan ita ta musulunta, mijin shi ya fi cancanta da ita matuƙar ya musulunta a cikin iddarta. Akwai lokacin jira ke nan, akwai fata. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin Safwan ɗan Umayya, wanda matarsa ta musulunta ranar buɗe Makka, shi kuwa ya halarci Hunainu da Ɗa'ifa yana kan shirkarsa, daga baya ya musulunta aurensu ya ci gaba. Ta kawo na Ummu Hakim, wadda mijinta Ikrima ɗan Abu Jahal ya gudu Yaman, ta bi shi har can ta kira shi zuwa Musulunci ta dawo da shi.

Labarin da ya fi taɓa zuciya a gidan Annabi kansa ya faru. Nana Zainab, babbar 'yarsa, tana auren Abul Asi ɗan Rabi'u, wanda ya ƙi musulunta har ya fito yaƙin Badar a sahun Ƙuraishawa aka kama shi. Da mutanen Makka suka aiko da fansar fursunoninsu, Zainab ta aiko da abin wuyan da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Annabi ya gan shi ya gane shi, tausayi ya kama shi, ya nemi sahabbai su saki mijin su mayar mata da abin wuyanta, da sharaɗin ya turo ta Madina. Ya cika alkawari. Sun rabu shekaru, ba ta auri kowa ba, har ya musulunta kafin buɗe Makka aka mayar masa da ita. Ruwayar Ibn Abbas ta ce da auren farko aka mayar, wata ruwayar ta ce an sake ɗaurawa. Duk tsawon wannan lokaci Annabi bai zagi surukinsa ba, ya ma yabe shi da cewa ya yi masa magana ya gaskata, ya yi masa alkawari ya cika.

Saboda irin waɗannan ruwayoyi ne Ibnul Ƙayyim ya lissafa ra'ayoyi tara a kan wannan mas'ala ɗaya. Kuma a 2001, majalisar fatawa ta Turai, a zamanta na birnin Valencia a Sifen, ta jaddada cewa haramun ne Musulma ta ƙulla sabon aure da wanda ba Musulmi ba, amma game da wadda ta musulunta tana da miji ma'abocin littafi, ta ambaci hukuncin mazhabobi huɗu na rabuwa bayan idda, sannan ta ambaci cewa wasu magabata sun yarda ta zauna da shi idan ba ya cutar da ita a addininta kuma tana fatan musuluntarsa. Ban kawo wannan don in ce a bar mazhaba ba. Na kawo ne don a san wuri ne na bincike da lallashi. Akwai ma wani nauyi da ya kamata masu wa'azi su sani kafin su buɗe baki: a sanannen ra'ayin Malikiyya ƙaramin yaro addinin ubansa yake bi, saɓanin sauran mazhabobi uku da suka ce yana bin wanda ya musulunta daga cikin iyayen. Ga al'ada kuma tana ba uba 'ya'ya. Mace mai 'ya'ya biyar da aka ce ta fita, ina za ta, wa zai ciyar da ita, wa zai bar ta ta tafi da ko da na goye? Wanda ya karɓi shahadarta ya yi kabbara ya tafi gida, bai gama aikinsa ba.

Ta biyu ita ce Musulmar da saurayinta ya ce zai musulunta don ya aure ta. Ana yawan yi wa wannan kallon raini, a ce Musuluncin aure ne. Amma Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas ɗan Malik, ta gaya wa Abu Ɗalha cewa irinsa ba a ƙi, sai dai shi kafiri ne ita Musulma, idan ya musulunta wannan ne sadakinta. Ya musulunta, ya zama cikin manyan sahabbai. Zuciya Allah ne ke dubawa. Abin da ke hannun iyaye shi ne kada su mai da abin biki na rana ɗaya, inda za a kai yaro gaban liman ranar Alhamis ya maimaita kalma, a sa masa sabon suna da hula, ranar Asabar waliyyi da wakili su zauna a tabarma a ce an bayar an karɓa a kan sadaki kaza lakadan, a raba goro da alewa, daga nan babu wanda zai sake tambaya ko ya iya alwala. Idan an karɓe shi, a karɓe shi da gaske, a koya masa, a jawo shi cikin dangi, kada bayan shekara goma a ci gaba da kiransa tubabbe a bayan idonsa.

Ta uku ita ce mai wuyar, wadda aka haifa Musulma, ta san hukunci, ta je ta yi auren kotu da Kirista. A Najeriya doka ta ba ta hanya. Dokar aure ta tarayya ba ta sa addini cikin sharuɗɗa ba: a kai sanarwa ofishin rajista, a liƙa ta kwana 21, idan ba wanda ya kawo ƙorafi a ɗaura a gaban shaidu biyu, kuma wadda ta kai shekara 21 ba ta buƙatar sa hannun uba. Raba irin wannan aure sai babbar kotu, ba kotun shari'a ba. A ƙasar Yarbawa, inda gida ɗaya yakan haɗa alhaji da fasto, ana samun haka ba tare da an fasa zumunta ba. A ƙasar Hausa kuwa, abin da yakan biyo baya shi ne uba ya ce ba shi ba ita, a hana uwa ɗaga wayarta, ƙanne su daina ambaton sunanta, a riƙa cewa ta kafirta.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce kuskuren. A wurin Ahlus Sunna zunubi, komai girmansa, ba ya fitar da mutum daga Musulunci matuƙar bai ƙaryata abin da ya san Allah ya saukar ba. Auren bai ɗauru ba a shari'a, zaman da suke yi ba halal ba ne, wannan babu rufa-rufa a ciki. Amma matar da take salla, take azumi, take cewa ta san ta yi laifi zuciyarta ce ta rinjaye ta, Musulma ce. Sallarta salla ce. Idan ta rasu, haƙƙinta ne a yi mata wanka da sutura da salla a kai ta maƙabartar Musulmi. Hukuncin aure daban, hukuncin imani daban, kuma haɗa su ba ƙarin tsoron Allah ba ne, ƙarancin karatu ne.

Abin da yanke zumuntar ke haifarwa a bayyane yake. Yarinya ta wayi gari duk wanda ya taɓa kiranta 'yarsa ya juya mata baya, mutanen da suka rage masu yi mata murmushi dangin miji ne da 'yan cocinsu. Su za su zo barka idan ta haihu, su za su zauna da ita a asibiti. Bayan shekara biyar, idan aka ji ta bar salla, sai a ce ai dama mun faɗa. Ba a lissafa hannun da muka sa wajen tura ta. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, addini ma bai ce a yanke ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata Madina tana mushrika, ya ce ta sada zumunta da ita. Idan wadda ba ta yi imani ba tana da wannan haƙƙi, ina ga 'yar da take fuskantar alƙibla sau biyar a yini? Uwa za ta iya ƙin halartar bikin, ta faɗi gaskiya ƙarara cewa ba ta yarda ba, sannan ta ci gaba da kiran 'yarta, ta aika mata da dabino da azumi, ta karɓi jikokinta su yi hutu a gidanta su ji kiran salla. Ba amincewa da auren ba ne. Barin ƙofa ne a buɗe, ga ita, ga 'ya'yan, har ga mijin, kamar yadda aka bar wa Abul Asi.

Inda hukuma ta shiga da ƙarfi, sakamakon bai yi kyau ba ta kowane ɓangare. A Sudan a watan Mayun 2014 kotu ta yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa kan ridda da bulala 100 kan zina, saboda ta auri Kirista alhali mahaifinta Musulmi ne, duk da cewa ta ce mahaifiyarta Kirista ce ta rene ta tun tana ƙarama. A kurkuku ta haihu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yuni, ta bar ƙasar, a 2020 kuma Sudan ta cire laifin ridda daga dokokinta. Babu wanda wannan shari'a ta jawo zuwa ga Musulunci. Tunisiya ta bi ta ɗaya hannun: a watan Satumban 2017, zamanin Shugaba Beji Caid Essebsi, ta soke umarnin 1973 da ya hana yi wa irin wannan aure rajista, malaman Azhar suka nuna rashin amincewa. Takardar gwamnati ta canza, amma ba ta canza fatawa ba, ba ta kuma sasanta uba da 'yarsa ba. Indonesiya kuwa, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, majalisar malamanta ta rufe ƙofar ga maza da mata baki ɗaya a fatawar 1980 da ta 2005, a 2023 kuma kotun ƙoli ta umarci alƙalai su daina amincewa da rajistar auren mabambantan addini.

Matakin malaman Indonesiya yana tuna mana abin da maza ba sa son ji. Izinin da ke cikin Ma'ida ba sakin linzami ba ne. Imamu Malik ya karhanta shi, Abdullahi ɗan Umar ya ƙi shi, Sayyadina Umar kuma ya rubuta wa Huzaifa ɗan Yamani ya saki Bayahudiyar da ya aura a Mada'in, cikin dalilan da aka ruwaito har da tsoron kada mutane su yi koyi da shi a bar matan Musulmi. Wannan tsoron ya tabbata a Ingila da Amurka, inda saurayi yake da zaɓi a ko'ina, 'yar'uwarsa kuwa zaɓinta ya taƙaita ga 'yan mazan da suka rage. A gida ma muna ƙuntata mata da abin da Allah bai sa ba: wannan ba ƙabilarmu ba ne, wancan ɗan mahauta ne, wancan bai iya haɗa lefe akwati goma sha biyu ba, ita kuma ta yi boko da yawa an ce za ta raina miji. Gidan da ya kori Musulmi Bayarabe ko Ba'igbire saboda yare, ya kamata ya tuhumi kansa kafin ya tuhumi 'yarsa idan ta kai shekara talatin da biyar ta kawo wanda ya fi wannan nisa.

Sai maganar gado, inda ake gane wanda yake kishin addini da wanda yake kishin fili. Hadisin Buhari da Muslim ya ce Musulmi ba ya gadon kafiri, kafiri ba ya gadon Musulmi, don haka tsakaninta da mijin babu gado a shari'a, ko da ma ba a duba ɓacin auren ba. Wanda yake son barin wani abu ga ɗan'uwan da ba Musulmi ba sai ta hanyar kyauta yana raye ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Amma tsakaninta da mahaifinta gado yana nan daram, domin Musulma ce 'yar Musulmi. Fushin uba ba ya soke rabon da Suratun Nisa'i ta yanka mata, ko da ya furta a gaban shaidu cewa ya cire ta daga 'ya'yansa. 'Yan'uwan da suka raba gida da gona suka tsallake sunanta da hujjar ta auri Kirista, dukiyar Musulma suka ci, kuma alƙalin da aka kai wa ƙarar wajibi ne ya karɓo mata.